Kun San Gurbi Ya Cika, Don Me Kuke Sayar Mana Da Fom?

Daren jiya har ƙarfe ɗaya ina zaune a tsakar gida da ƙanwata, fitilar waya a tsakaninmu, ga wata takarda da ta yago daga tsohon littafinta na Kemistiri. A jikin takardar ta jera jami'o'i tara da hannunta. Ta soke biyar, ta sa alamar tambaya a gaban uku, ɗayar kuwa ta yi ta zagaye ta har biro ya huda takardar. Can ta ɗago ta ce, "Yaya, ka zaɓa kawai, ni kaina ya ƙulle." Ban iya ce mata komai ba. Tashi na yi na shige ɗaki don kada ta ga idona.

Yarinyar nan maki 271 ta ci a jarrabawar JAMB. Wanda bai san zancen ba ya duba alƙaluman 2025: sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai 200 ba cikin 400. Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, duk da fitilar caji ta karanta su, bayan ta gama wanke-wanke da aikin gida. Tun tana aji uku na ƙaramar sakandare ita ke auna wa Umma suga kowace safiya, tana rubuta lambar a wani ƙaramin littafi mai jan bango, har likitan Umma ya saba, da mun shiga yake cewa ina littafin. Likitanci ta ce tana so tun lokacin, ba ta taɓa canza baki ba.

Mun makara, na yarda. Amma ku ji yadda aka makarar da mu.

Tun watan Janairu na biya makarantarsu kuɗin jarrabawar kammala sakandare cif, rasit ɗin yana nan a aljihuna. Makaranta ce mai zaman kanta, ba zan kama suna ba. Da aka saki sakamako, 'yan sauran makarantu suka duba nasu, na 'yan ajinsu shiru. Ashe mai makarantar bai kai wa hukumar jarrabawa kuɗin yara duka ba, aka riƙe sakamakon kowa. Mako bakwai ina sintiri. Yau a ce shugaban makaranta ya yi tafiya, gobe a ce ka dawo jibi, jibi a ce ai an tura kuɗin, banki ne ya tsayar. Ranar da na ɗaga murya a ofishin, wani malami ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, a yi haƙuri, komai lokaci ne." Haƙurin me? Kuɗina kuka ci, shekarar yarinya kuke wasa da ita, sannan ni za a yi wa wa'azi? Ranar da sakamakon ya fito, kiredit tara a zama ɗaya, muka garzaya aka ɗora shi a shafin JAMB. Jami'ar da ta sa a zaɓin farko ta rufe rijistar tantancewar da take yi wa masu neman gurbi kwana huɗu kafin nan.

Wannan ɓacin ran na haɗiye shi, tsakanina da mai makarantar akwai sauran magana. Abin da ya hana ni barci yanzu shi ne abin da ya biyo baya, don shi ba mu kaɗai ya shafa ba.

A takarda ana ba ɗalibi zaɓi na ɗaya da na biyu. A zahiri kuwa, in likitanci kake nema, na farkon ne kaɗai ke da rai, don yawancin jami'o'in gwamnati ba sa ko kallon wanda ya sa su a na biyu. Ke nan harsashi ɗaya gare ka. In ƙofar farko ta rufe, sai ka je cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita, ka biya kuɗin canjin makaranta, ka biya na mai cibiyar, ka koma gida kana jiran sunanka ya bayyana a shafin sabuwar jami'ar. Yana iya ɗaukar kwanaki. A cikin kwanakin nan ita ma tana iya rufe nata fom ɗin. In ka canza ka ga ba ta yi ba, ka sake biya ka sake jira, lokaci kuma yana ta tafiya. Duk wanda ya makara, dole ya zaɓi wuri ɗaya, kuma dole ya dace tun karon farko.

To da me zai zaɓa? Nan ne ake mana lalube cikin duhu.

Makarantun likitanci a Arewa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika, akwai ta Bayero da asibitin Malam Aminu Kano, akwai ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta Maiduguri, ta Jos, ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ta tarayya da ke Dutse, ga ta kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare a 2021, ga na jihohi irin su Gombe da Kaduna. Kowace ɗaya Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa ta yanka mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta da kayan aikinta. Ni ban da ja a kan wannan, ina ma goyon baya. Likita a bakin gadon mara lafiya yake koyon aiki, kuma ba na son ranar da Umma za ta kwanta a hannun wanda ya yi karatu yana leƙe ta bayan mutum hamsin. A jami'o'in tarayya kuma an san rabon: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Na jihohi kuwa 'yan asalin jihar suke fifitawa.

Kun ga ke nan komai a ƙidaye yake. Kowace jami'a ta san kujera nawa gare ta. Ta san mutum nawa suka neme ta. Ta san makin da na ƙarshen da ta ɗauka bara ya samu, a kowane kaso. Lambobi uku ne kacal, kuma suna nan cikin kwamfutar ofishin ɗaukar ɗalibai. Me ya hana a buga su kowa ya gani? Abin da ake bugawa shi ne makin sayen fom. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a ƙasa 150 ne, jami'a kuma ta ɗora nata a kai ta ce duk mai kaza ya zo ya yi rijista. Yaro mai 220 ya ga ya wuce, ya sayi fom da murna, uwarsa ta fara yi masa addu'ar zama likita, alhali waɗanda ke cikin ofishin sun san ko kusa da layin bai zo ba.

Makon jiya na rufe shago na ɗauke ta muka shiga mota, tafiyar awa huɗu, zuwa ɗaya daga cikin ukun da ta sa wa alamar tambaya. Ita ma ba zan faɗi sunanta ba. Tambaya ɗaya na je da ita: akwai sauran gurbin likitanci ko babu? Muka yi layi a baranda tun ƙarfe goma, iyaye da yara, kowa da farar ambulan a hannu. Da aka zo kanmu, jami'in ko ɗagowa bai yi ba. "Ku je ku duba shafinmu." Na ce ranka ya daɗe, mun duba, sanarwar bara ce a kai. Ya ce to ku jira ta bana. Na ce ai fom ɗin bana ana kan sayarwa, jibi za a rufe, so nake na sani kafin na canza mata makaranta. Ya ce, "Na gaba."

Muna saukowa wani dattijon masinja da ya ji duk abin da aka yi ya biyo mu. Ya dubi ƙanwata ya ce, "'Yata, nawa kika ci?" Ta faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Amma na likitanci an gama tsara shi tun wancan makon, ni na kai fayil ɗin sama da hannuna." Na ce Baba, to fom ɗin da ake sayarwa fa? Ya buɗe hannuwa ya juya ya tafi.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. In kujera ta cika, a rubuta a manna a ƙofa, a cire kwas ɗin daga fom. Tun 2017 Ma'aikatar Ilimi ta ce kuɗin tantancewa kada ya wuce naira 2,000, sai wani ya ce ai kuɗin ba yawa. Ku tara shi sau dubban yara ku gani. Kuma ba kuɗin ne ya fi ciwo ba. Harsashin nan guda ɗaya da yaro ke da shi ake sa shi ya harba a inda aka san babu komai. Wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan abin da ya san ya ƙare, a kasuwarmu mun san sunan da ake kiransa da shi.

Inda aka ɓoye gaskiya kuwa, nan 'yan damfara ke kafa rumfa. Ba mu kai bakin get ba wani matashi mai tsaftatacciyar shadda ya tare mu, ya ce ya ga alama an ɓata mana rai, shi yana da mutum a sama, naira dubu ɗari takwas sunanta zai fito a jerin farko. Na kore shi. Da muka dawo gida ƙanwata ta ba Umma labari, bayan isha'i sai ga Umma ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zaninta ta ɗauko 'yan kunnenta na gwal, wanda mahaifinmu ya bar mata. Ta ce, "Ka kai kasuwa, kada yarinyar nan ta rasa saboda kuɗi." Na durƙusa na ce Umma ki mayar, ko da gaske mutumin yake ba za mu sayi hakkin ɗan wani ba, balle ma duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, wato tsarin intanet da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, ba gurbi ba ne. Ta mayar tana hawaye. Da an buga lambobin nan uku a fili, da wa zai tsaya sauraron mai shadda? Da uwa mai ciwon suga ba ta kwana tana lissafin gwal ɗinta ba.

Masu ba da shawara kuma ba su ƙarewa. Wannan ya ce ta karɓi kwas ɗin sanin sassan jikin ɗan Adam ko na yadda jiki ke aiki, in ta yi ƙoƙari a shekarar farko za a mayar da ita likitanci. Na tambaya a ina aka rubuta haka, mutum nawa aka mayar bara, babu mai amsa. Ɗan maƙwabcinmu da wannan alkawarin ya shiga, sai da ya kammala shekara huɗu cur, ya yi bautar ƙasa, sannan ya dawo yana neman shiga likitanci daga aji biyu. Wancan ya ce jami'a mai zaman kanta, inda kuɗin shekara ɗaya miliyoyi ne, karatun kuma shekara shida. Ni atamfa nake sayarwa. Wani ya ce waje. A da mutanenmu Sudan suke tura yara, kowa ya san gidan da ke da likitan da ya yi karatu a Khartoum, amma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu ta kan iyakar Masar, wannan hanyar ta toshe. Masar ɗin kuma da dala ake biya, in ka gama ka dawo sai ka zauna jarrabawar hukumar likitoci kafin a ba ka lasisi.

Sai masu cewa ta bari sai baɗi, ai yarinya ce. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, 271 ɗin nan in bana ta wuce ya zama takardar tsire, sai ta sake daga farko. Kuma masu faɗin haka sun san abin da shekara guda a gida ke nufi ga budurwa 'yar sha takwas a gidajenmu. Baffanmu ya riga ya fara zancen wani yaron kirki da ya yi sallama. Ba na zarginsa, yadda ya ga daidai yake faɗa. Amma mu ne dai muke kukan matanmu na jin nauyin zuwa asibiti don babu likita mace, mu ne muke bin layi tun asuba a kan likita ɗaya. Ga wadda ta tashi da kanta ta ce za ta yi, ta kawo makin, an bar ta tana caccakar takarda da biro da tsakar dare.

Ba alfarma nake roƙo ba, kada wani ya juya mini magana. In akwai yara ɗari da hamsin da suka fi ta maki a inda ta nema, a ɗauke su, zan yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya. Abin da nake nema a wurin kowace makarantar likitanci shi ne ta buga kujera nawa aka yanka mata, ta buga makin na ƙarshen da ta ɗauka bara a kowane kaso, ranar da ta cika kuma ta sanar ta daina karɓar kuɗi. A sa mutum ɗaya a ofis da zai ɗaga kai ya dubi uba ko wa ya ba shi amsa. Makarantun sakandaren da ke cinye kuɗin jarrabawar yara kuma a ƙwace musu lasisi, don wanda ya yi sau ɗaya aka ƙyale shi zai sake.

Da asuba bayan na dawo masallaci na tarar da ita a inda na bar ta, ta kifa kai a kan gwiwa, takardar na hannunta. Na ce, "Auta, tashi ki shirya." Ta ce, "Wacce za mu sa, Yaya?" Na ce wadda kika zagaye. Jiharmu tana cikin jihohin da ke kewayenta, fom ɗinta sai Juma'a za a rufe, iyakar abin da muka sani ke nan. Ko akwai sauran kujera, ko an kai nasu fayil ɗin sama tun wancan makon, babu wanda ya yarda ya gaya mana. Ƙarfe takwas cibiyar kwamfutar ke buɗewa, na ware kuɗin canjin da na mota, ita kuma ta tsaya ta auna wa Umma suga tukuna.