Kwantiragin kwana ɗaya da Marlins ta ba Adam Greenberg bai zubar da mutuncin wasa ba

Ranar 9 ga Yuli, 2005, ƙungiyar Chicago Cubs ta saka Adam Greenberg a wasansa na farko a babbar gasar besbol ta Amurka. Mai tsaron bayan fili ne, shekarunsa 24. Ƙwallon farko da Valerio de los Santos na Florida Marlins ya jefo, mai gudun mil 92 a awa, a ƙeya ta same shi. Ya faɗi nan take, aka fitar da shi. Jiri da ciwon kai suka addabe shi, ya koma ƙananan gasanni, babu wanda ya sake kiran sa.

A ƙa'idar besbol, wanda ƙwallo ta buga ba a rubuta masa cewa ya yi bugu. Wato a littafin ƙididdiga Greenberg bai taɓa gwada sandarsa ba. Wannan ne ya sa wani mai shirya fim, Matt Liston, ya tara sa hannun jama'a a intanet a 2012, yana neman a ba shi dama ɗaya. Cubs ta ƙi. Marlins ta amince, ta ɗauke shi na kwana ɗaya.

Masu suka sun ce talla ce kawai, kuma akwai samari a ƙananan ƙungiyoyi da suka fi shi cancanta. Batun talla gaskiya ne. Marlins ta kashe maƙudan kuɗi a wannan kakar, ta buɗe sabon filin wasa, amma ta ƙare a ƙarshen rukuninta da nasara 69 da rashin nasara 93. Tana neman abin da zai wanke mata fuska. To amma wa aka zalunta? Saura wasa ɗaya a rufe kaka, sakamakon ba zai sauya matsayin kowa ba. Su samarin da ake magana a kansu kuwa, ba wanda jifa ta ƙwace wa damarsa a daƙiƙar farko.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda abin ya kasance a fili ranar 2 ga Oktoba, 2012. Mai jifan New York Mets, R.A. Dickey, wanda ya ci wasa 20 a shekarar kuma aka ba shi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, bai sassauta masa ba ko kaɗan. Ya yi masa irin jifarsa da ƙwallo ke tafiya tana rawa ba ta juyawa, wadda gwanaye ma ke kasa bugawa. Jifa uku, Greenberg bai buga ko ɗaya ba, damarsa ta ƙare ya fita. Da Dickey ya lallaɓa ya miƙa masa mai sauƙi, da masu suka sun yi gaskiya, an mai da gasar wasan yara. Greenberg ya koma benci 'yan kallo na tsaye suna tafi, ladan kwanan kuma aka ba da shi ga binciken raunin ƙwaƙwalwa a wasanni.