Baba Tela da lissafin oda

(Shagon ɗinki a Fagge, saura kwana goma Sallah, NEPA sun ɗauke wuta.)

Ɗan Boko: Salamu alaikum, Baba ya aiki?

Tela: Aiki ba a magana ɗan nan, dubi tulin shaddar can har ta danne min dutsen guga, duk oda ce.

Ɗan Boko: Ai Baba irinku ne ma'aunin kasuwa. Ka san bankin Stanbic IBTC duk wata suna fitar da wani lissafi wai shi PMI, sai a tambayi kamfanoni wajen 400 a ƙasar nan ko sababbin oda sun ƙaru ko sun ragu a kan na watan jiya, kuma cikin abubuwan da ake haɗawa a lissafin, odar nan ita ce mai kaso mafi tsoka, 30 cikin ɗari, don ba mai tada inji ko ɗaukar ma'aikaci sai ya ga mai saye tukuna.

Tela: To ni me ya hana a tambaye ni?

Ɗan Boko: In lissafin ya haura 50 kasuwa ta buɗe, in ya yi ƙasa kuma sai addu'a. Lokacin canjin kuɗi, watan Maris na 2023, har 42.3 ya sauka.

Tela: Wannan ba sai banki ya gaya min ba, lokacin wata hajiya da zakara ta biya ni kuɗin ɗinki, zakaran ma gurgu. Amma bana rubuta min 90.

Ɗan Boko: Mutum nawa suka ba da kafin alƙalami?

Tela: E to... Alhaji ya ce in yanka kawai zai turo, network ne.

Yaron shago: Oga, rabin tulin can fa na bara ne da ba mu gama ba.

Tela: Kai wa ya sa bakinka? Tafi ka hura gawayi!

Ɗan Boko: Ka ga Baba, wancan ba sabuwar oda ba ce, kwantan aiki ne, shi daban ake ƙirga shi. Akwai ma jinkirin kawo kaya, 15 cikin ɗari, shi kuma juya shi ake yi, in masu kawo kaya suna makara sai a ɗauka aiki ne ya yi musu yawa.

Tela: Dakata. Maimaita min a hankali. Wato in an makara alheri ne?

Ɗan Boko: A lissafin dai haka ake...

Tela: Allahu akbar! Shekara talatin ana ce min maƙaryaci ashe ni ke riƙe da tattalin arzikin ƙasar nan.

Ɗan Boko: To Baba ni dama kaftanina na zo karɓa, tun kafin azumin bara na kawo.

Tela: Yana cikin 15 ɗin nan. Dawo jibi, maɓalli kawai ya rage.

Yaron shago: Oga, wanda ba a yanka ba?