Kun manta da Kipchoge

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari kan labarin 'yan gudun fanfalaki masu shaidar Almasihu, amma duk Turawa kuka kawo. Eliud Kipchoge na Kenya fa? Ɗan Katolika ne, shi ya cinye kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, kuma ba a san shi da fariya ba. Wannan tawali'un ya fi taɓa ni a kan ɗaga yatsa sama gaban kyamara. Manzo Bulus ya ce mai tsere yakan kame kansa cikin komai. Yaranmu na Sabon Gari ƙwallo kawai suka sani. Don Allah fastocinmu, ku haɗa musu gudun asuba kafin ranar Kano ta buɗe.