Lissafin ruɓewar itace da babu gara a ciki bai cika ba

Duk wanda ya taɓa mantawa da guntun katako a bayan ɗaki damina ɗaya ya san aikin gara, kafin kaka ta shigo za ka ɗaga ka tarar ɓawo ne kawai, cikin duk ƙasa. To abin da ke damuna shi ne lissafin da masana ke ɗorawa a kwamfuta don hasashen yadda matattun itatuwa ke ruɓewa a daji ya daɗe yana dogara da zafi da danshi da aikin fumfuna, gara kuwa kusan ba ta ciki.

Kada wani ya ce ƙaramar magana ce. Kusan rabin nauyin busasshen itace sinadarin kabon ne, in itacen ya ruɓe kabon ɗin iska yake komawa, ya ƙara ɗumamar yanayi. A 2021 Sebastian Seibold na Jamus da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a dazuzzuka 55 a nahiyoyi 6, sun ajiye itatuwa iri sama da 140, wasu a fili wasu cikin raga yadda ƙwari ba za su kai gare su ba, suka gano mataccen itace na sakin kabon wajen tan biliyan 10.9 duk shekara, kashi 93 cikin 100 daga ƙasashe masu zafi, kuma ƙwari ke da alhakin kashi 29.

Tsohon lissafin da Jerry Olson ya kawo tun 1963 mai sauƙi ne, wai kowace shekara wani kaso tsayayye na abin da ya rage ke tafiya. Ban raina shi ba, ya yi amfani. Amma dogayen gwaje-gwajen da ake ciyar da shi da su a ƙasashen sanyi suke, kamar na Mark Harmon a jihar Oregon ta Amurka da aka fara 1985 aka tsara zai kai shekara 200. A can in wuri ya bushe ruɓa sai ta yi jinkiri. Gara fa ba ruwanta da wannan, da jiƙaƙƙiyar ƙasarta take zuwa ta lulluɓe icen ta ci abinta a ciki. Binciken Amy Zanne na 2022 a wurare 133 ya nuna in zafi ya ƙaru da digiri 10 aikin fumfuna da bakteriya ninki biyu yake, na gara kusan ninki 7, kuma a irin dajinmu mai dogon rani ta fi tasiri.

Ko a binciken Zanne ɗin ma katakon pain (pine, wani icen ƙasashen waje) iri ɗaya aka baza ko'ina. Tambayi masassaƙi me ya sa yake neman ƙirya in zai yi turmi, ko magini me ya sa sai azarar giginya, ai sun san ba kowane ice gara ke iyawa da shi ba. Sannan a nan reshe in ya faɗi sau da yawa bai ma samun damar ruɓewa, ko masu kirare su kwashe ko gobarar daji ta lashe.

Shi ya sa nake ganin sassan nazarin gandun daji na jami'o'inmu bai kamata su jira alƙaluman wasu ba. Gwajin nan ba tsada, guntayen ƙirya da kuka da marke, raga, sikeli, sai ɗalibin da zai riƙa komawa Yankari ko Falgore duk wata 6 yana aunawa.