Na'urar da ba ta iya cewa "ban sani ba"

A shekarar 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya haɗa wata manhaja ya sa mata suna ELIZA. Iyakar aikinta ta ɗauki maganar mutum, ta juya ta, ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Ka ce mata ranka a ɓace yake, sai ta ce me ya ɓata maka rai. Ba ta gane komai. Duk da haka, Weizenbaum ya ba da labarin yadda sakatariyarsa, wadda a gabanta aka yi aikin haɗa manhajar, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta zanta da ita su biyu.

Kada mu yi saurin cewa wauta ce. Haka ɗan Adam yake: duk abin da ya amsa masa magana, zuciyarsa tana ɗaukarsa mai hankali. Byron Reeves da Clifford Nass na jami'ar Stanford sun nuna haka a binciken da suka wallafa a 1996. Idan kwamfuta ta tambayi mutane ko ta yi aiki mai kyau, sai su yabe ta fiye da yadda suke yi idan wata kwamfutar daban ce ta yi musu tambayar. Kara suke yi mata, alhali sun san ƙarfe ce.

Tunda wannan ɗabi'a ba za ta canza ba, ni a ganina nauyin yana wuyan masu ƙera na'urorin. Kuma babban abin da suka gaza a kai shi ne koya wa na'ura yadda za ta nuna shakka.

Duba yadda mutum biyu suke hira. Rabin saƙon ba a cikin kalmomi yake ba. Mai magana ya ɗan dakata, ya ce "ina jin", ko "haka dai na ji", sai mai sauraro ya san kada ya ɗora wa maganar nauyi. Mai sauraro ya ɗaure gira, sai mai magana ya koma baya ya sake bayani. Ɗaya ya katse ɗaya da "tsaya, wanne kake nufi?" Da waɗannan ƙananan alamu muke gyara kuskure tun bai yi nisa ba, kuma da su muke auna wanda za mu yarda da shi.

Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira da suka bazu tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 sun iya magana, amma wannan ɓangaren sun bar shi a baya. Yadda aka gina su shi ne su yi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa tulin rubutun da aka horar da su da shi. Don haka gaskiya da ƙage duk da murya ɗaya suke fitowa, sumul, ba gargada. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York suka miƙa wa kotu takarda ɗauke da tsofaffin shari'u shida da manhajar ta ba su, ashe babu ko ɗaya da aka taɓa yi. Ɗaya daga cikinsu ma ya tambaye ta ko shari'un na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Sakacinsu a fili yake, ba na wanke su. Amma kayan aikin da zai ƙaga sunan shari'a da lambarta, a tambaye shi ya sake tabbatarwa, akwai aibi a ƙirarsa.

Masu tuƙin jirgin sama sun daɗe da sanin tsadar irin wannan rashin fahimtar juna. Ranar 31 ga Mayun 2009, jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Paris. A saman tekun Atlantika ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudunsa, sai na'urar tuƙi ta saki ragama nan take ta bar wa matuƙa. Matuƙin da ke riƙe da jirgin ya ɗaga hancinsa sama har ya daina samun iskar da ke ɗauke da shi, ya fara faɗowa. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kuka. To amma an tsara ta ne ta yi shiru idan gudun da aka auna ya yi ƙasa sosai, don kwamfutar tana ɗaukar alƙaluman a matsayin marasa inganci. Saboda haka idan matuƙin ya sunkuyar da hancin jirgin, wanda shi ne daidai, gudun ya ƙaru, sai ƙararrawar ta dawo. Idan ya ja shi sama, sai ta yi tsit. Shirun nata yana nufin "ban san abin da ke faruwa ba", amma a kunnen mutum shiru yana nufin lafiya. Mutum 228 suka rasu.

Akwai masu cewa idan na'ura ta cika kame-kame da gargaɗi, mutane za su gaji su daina kula. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ɗan rubutun nan da ake maƙalawa a ƙasan shafi, wai manhaja tana iya yin kuskure, ba ya tsinana komai sai kare kamfani. Gargaɗin da ya rufe kowace amsa daidai yake da babu. Abin da ake buƙata shi ne shakkar ta bayyana a daidai inda take: wannan jimlar ga inda na samo ta, ka duba, wannan adadin hasashe ne. Idan tambaya tana da fuska biyu, na'urar ta tsaya ta tambayi wacce ake nufi kafin ta zuba amsa. Matambayi ba ya ɓata, kuma ban ga dalilin da zai sa a keɓe kwamfuta ba. Idan kuma za ta miƙa wa mutum ragama, a mota ne ko a asibiti, ta faɗa masa abin da ta daina gani.

Sai batun shigar burtu. A 2018 Google ya nuna wata manhaja, Duplex, tana buga waya tana kama wa mutum layi a shagon gyaran gashi, har da ɗan "uhm" irin na mutane. An koya mata in-inar ɗan Adam don ta saje, ba don ta nuna rashin tabbas ba. Bayan suka ta yi yawa kamfanin ya ce za ta riƙa bayyana kanta. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta wajabta a sanar da mutum idan da na'ura yake magana.

Sai dai ba na sa ran kamfanoni za su gyara don Allah, domin amsa mai santsi ta fi jawo kasuwa. Abin da zai tilasta musu shi ne a ɗora musu alhakin abin da na'urarsu ta faɗa. Manhajar hira ta kamfanin jiragen sama na Air Canada ta jawo wa kamfanin ƙara, bayan ta ba wani fasinja bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. Kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. A 2024 kotun sasanci a lardin British Columbia na Kanada ta yi watsi da wannan hujja, ta ce manhajar wani ɓangare ce na shafin kamfanin, ta kuma umarce shi ya biya fasinjan.