"Za mu sa ka cikin addu'a"

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Ga mu cikin watan Agusta. Duk wanda ya tashi a ƙasar Maraɗi ya san halin wannan wata: gero ya yi kore shar a gona, rumbu kuwa ya kai ƙasa, tiyar hatsi ta hau a kasuwa, yara suna kwance da masassara. A irin wannan lokaci ne ɗan'uwa yakan biyo ka gida bayan sujada, ya yi ta jan gaisuwa, ina gajiya, ina ruwa, kafin kunya ta bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi. Amsarmu kuwa a bakin harshe take: "Allah ya kawo sauƙi, za mu sa ka cikin addu'a." Ya tashi ya tafi, buhunanmu suna jingine a ɗaka.

Ba na raina addu'a, Allah ya kiyaye. Amma ku buɗe Yakubu 2:15-17. Manzon ya kawo misalin ɗan'uwa marar sutura da abincin yini, aka sallame shi da fatan ya ji ɗumi ya ƙoshi, ba a ba shi kome ba. Ya tambaya ina amfanin wannan, sa'an nan ya kira irin wannan bangaskiya matacciya. Bai ce mai rauni ba ce. Matacciya ya ce.

Na san wani zai ce ai ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba. Gaskiya ne, Afisawa 2:8-9 ke nan. Sai dai kada ka rufe littafin, ƙara aya ɗaya: ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka.

Akwai abin da ya fi rowa ci mini rai. Mai bi ya ba ɗan'uwansa tiya ɗaya da damina, da sharaɗin ya karɓi biyu da kaka, ranar Lahadi kuma su zauna benci guda suna rera waƙa ɗaya. Littafin Firistoci 25:37 ya hana ba matalauci abinci don neman riba, a fili, ba kwana. Haka wanda ya ɗauki 'yan barema suka yini a duƙe cikin gonarsa, da maraice ya ce su dawo jibi, jibi ta zama ranar kasuwa, ranar kasuwa ta zama bayan kaka. Yakubu 5:4 ya ce haƙƙin nan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Yawancin 'yan baremar nan ba masu bi ba ne. In sun ji muna wa'azin ƙauna da safe, da wane kunne za su saurara?

Ku tuna asibitin mishan na Danja, nan kudu da garin Maraɗi. Tun 1956 ake jinyar masu kuturta a can, a zamanin da dangi ma sukan ware wa kuturu ƙwaryarsa. Bayin Allah suka zauna suna wanke gyambo da hannunsu, shekara da shekaru. A 2012 kuma aka buɗe sashen mata masu yoyon fitsari, waɗanda da yawansu miji ya saki, gari ya ƙyamata. Mutanen karkara da ba su taɓa taka majami'a ba sun san sunan Danja, suna kuma faɗinsa da girmamawa. Wannan gado ne aka bar mana, bai kamata ya tsaya a bakin asibiti ba.

Dattawan ikilisiya da zumuntar mata, kun san gidajen gwauraye da marayun da tukunyarsu ba ta hau wuta kullum. Kada ku jira su roƙa. A auna hatsi a kai musu da dare, ba hoto, ba sanarwa a Facebook, kamar yadda Ubangiji ya koya a Matiyu 6:3. Wanda ya ba da bashin tiya da riba, ya je ya ce ya yafe ƙarin. Mai riƙe da kuɗin ɗan barema kuma, Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ba shi wa'adi: ya biya yau, kafin rana ta faɗi.