A daina ɗora wa iyaye mata laifin asibitin da ke kulle

Duk lokacin da wata cuta ta ɓarke a tsakanin yaran Kano, magana ɗaya ake fito mana da ita a gidajen rediyo: iyaye ne ba sa kai 'ya'yansu asibiti, don haka a ƙara wayar da kai. Haka aka yi ta faɗa tun da mashaƙo ya kunno kai a ƙarshen 2022, ya bazu a 2023 har Kano ta zama inda cutar ta fi ƙamari a duk Najeriya. Haka ake faɗa kan ƙyanda, haka kan tamowa. Wannan magana ta ishe ni, domin wanke hukuma take yi, tana shafa wa mai goyo kashin kaji.

Gaskiya ne yawancin yaran da mashaƙo ya kwantar ba su da cikakken riga-kafi. To, me ya hana su samu? Allurar da ke kare yaro daga cutar sau uku ake yin ta: a mako 6, da 10, da 14. A ɗauki mace a Kurna ko Sheka ko Rijiyar Lemo, ko gama warwarewa daga jego ba ta yi ba. Ta nemi izinin maigida, ta haɗa kuɗin adaidaita sahu, ta bar sauran yara wurin maƙwabciya, ta isa asibitin sha-ka-tafi, sai a ce mata, "Yau ba ranar allura ba ce, ki dawo Talata." Yaro ya kai wata 9 ta koma don allurar ƙyanda, a ce sai yara sun taru, saboda kwalba ɗaya ta yara 10 ce, kuma in an haɗa ta, bayan awa 6 zubar da sauran ake yi. Malamar asibitin ba ƙarya ta yi ba, tattalin abin da aka ba ta take yi. Amma uwar da aka mayar gida sau biyu, wane wayar da kai ne ya rage a yi mata? Ita ce fa ta zo da ƙafarta.

Dare ya fi muni. Da yawa daga ƙananan asibitocin unguwanni kafin la'asar an sa musu kwaɗo, zazzaɓi kuwa ba ya jiran gari ya waye. Jikin yaro ya yi zafi bayan isha'i, wanda ke buɗe shi ne mai kemis na bakin layi. Zai ba da sirof na farasitamol da wani maganin da ya ga dama, ba tare da gwajin zazzaɓin cizon sauro ba, gwajin da ɗigon jini ɗaya da minti 20 sun ishe shi. Bayan kwana uku yaro ya fara jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat, sai a kwashe shi a guje zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Murtala, inda da damina gado ke gagara. Can ma tambayar da za ta tarbi uwar ita ce, "Sai yanzu kika kawo shi?"

Masu cewa mutanenmu ba sa yarda da asibiti sukan kawo gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996, da dakatar da riga-kafin shan inna a 2003. Duka sun faru, kuma sun bar tabo. Sai dai gidajen mutanen nan namu ne suka buɗe ƙofa daga baya, har Kano ta ga ƙarshen ainihin ƙwayar shan inna a 2014, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020. Da me aka yi wannan aiki? Da mata ma'aikata masu bin gida-gida da ɗan akwatin sanyi a kafaɗa, mai unguwa na gaba. Tara daga cikinsu aka harbe a birnin nan a Fabrairun 2013, sauran ba su fasa fita ba. Da aka kai wa mutane abin har ƙofar gida, a kan kari, karɓa suka yi.

Wasu kuma suna ganin mafita ita ce a ƙara gina manyan asibitoci. Sake buɗe Hasiya Bayero a 2023 abin yabo ne, amma asibiti ɗaya ko biyar ba za su ɗauki nauyin mazaɓu 484 na jihar nan ba. Duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya da 'yan siyasa ke shiryawa a ƙarƙashin rumfa kuwa, wannan ɗaukar hoto ne, ba kiwon lafiya ba.

Kuma kada a ce babu kuɗi ko babu ma'aikata. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Makarantun koyon aikin lafiya na jihar nan duk shekara suna yaye matasa, da yawansu suna aikin sa-kai a asibitocin unguwanni shekara da shekaru ba albashi. A ɗauke su aiki. A raba musu aikin safe da na dare. A sa firji mai aiki da hasken rana, a yi allura kullum ko da yaro ɗaya ne ya zo, domin asarar rabin kwalba ba ta kai asarar rai ba. Abin gwajin zazzaɓi, da haɗin ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc na maganin gudawa, da zaren awon dantse na gano tamowa, kada su yanke.

Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomi takwas na birni su fito su gaya mana: asibitocin unguwanni nawa ne a Dala, Gwale, Ungogo da Kumbotso za a kai yaro ƙarfe 10 na dare a tarar da ma'aikaci da magani? A lissafa su da sunayensu, a karanta a rediyon da ake zargin iyaye mata a cikinsa.